Takardu Biyu daga Khaddamari

Shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya a Maiduguri, ni rigimata ba da kowa take ba sai da wata manhaja. Ina shekarar ƙarshe a digiri na biyu a fannin kwamfuta, muna zaune a Galtimari mu uku, ni da Baba da Iya. Yayana yana aiki a Kano, ƙannena mata biyu sun yi aure sun bar gari. Ni ce na rage a gida, da wata laftof mai nauyi da Yaya ya saya mini ta hannu, wadda in ta yi rabin awa tana aiki sai ta ɗau zafin da ba a iya ɗora ta a cinya.

Manhajar sunanta kamfaila, aikinta kuma tafinta ne. Mutum ya rubuta abin da yake so da yaren da ɗan Adam ke iya karantawa, ita ta juya shi zuwa ƙananan umarnin da inji ke ji, ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Tawa katin hoto take jera wa, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana abin da ake gani a allo. A cikinsa akwai ƙananan ma'aikata masu yawan gaske, duk suna lissafi a lokaci guda.

Baba Bakano ne. Yana saurayi ya zo Maiduguri, ya kafa rumfar hatsi a Kasuwar Litinin, daga baya ya samu gonar shinkafa a Khaddamari. Wata rana da la'asar muna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, ya leƙo allon laftof ɗin ya daɗe yana kallo.

"Wai ke wannan karatun naki, in abokaina sun tambaye ni a kasuwa, me zan ce musu kina yi?"

Na ce, "Baba, katin nan wajen lissafi ba a kamo shi. Amma lambobin da zai yi lissafin da su suna can a ma'adana, nesa da shi. Kafin ya aika a ɗauko masa lamba ɗaya ta iso, da ya gama lissafi ɗaruruwa. To kamfaila ita ke duba umarnin tun daga sama har ƙasa, ta ga inda za a buƙaci lambar, ta tura aiken da wuri, ta cusa wani aikin da bai shafi amsar ba a tsakani. Sai daf da inda za a taɓa lambar take rubuta masa: tsaya, jira."

"To me zai hana ta aika duka tun farko, kowa ya huta?"

"Kowane aike sai an ware masa gurbin da zai sauka, kuma guraben kaɗan ne. In ta cika aike gurabe su ƙare, ma'aikatan da za su samu wurin zama su ragu, aikin ya ƙara jan ƙafa."

Ya gyara hularsa ya ce, "Wato dai shekara biyu kina koya wa inji yadda ake aike. Da kin zo rumfa da na koya miki a sati ɗaya."

Iya tana gefe tana tsintar wake. Babarbariya ce, kuma shekara talatin da ɗoriya a gidan Bakano ba su sa ta raba "ka" da "ki" ba. Kowa "kai" ne a bakinta, har ni, har kajinta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka bar shi ya yi karatunsa. Kai da in an aike ka gishiri da labari kake dawowa."

Abin da ban faɗa wa Baba ba a ranar shi ne aikin nawa ya cije. Katin da ke cikin laftof ɗina yana riƙe ƙirga. Duk aiken da ya fita ƙirgar ta hau ɗaya, duk amsar da ta dawo ta sauka ɗaya. Saboda haka in an aika uku kuma na farko ake buƙata, kamfaila ba sai ta jira duka ba. Sai ta rubuta: jira har saura biyu. In saura biyu, ai na farko ya iso. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai. Sai dai na lura akwai wani irin aike, na lambobin da duk ma'aikatan ke tarayya a kansu, wanda yake bi ta wata hanya daban. A kan wannan kullum kamfaila sai ta rubuta a jira har ƙirga ta koma sifiri, ko da na farko kaɗai ake buƙata.

Na yanke hukuncin cewa tsoro ne kawai da lalaci. Na shiga cikinta na gyara, inda ta sa sifiri na mayar ɗaya. Gwajina kuwa ya ƙara sauri, na yi kwana biyu ina tafiya kamar ni na ƙera kwamfutar. A kwana na uku hoton da nake gwaji da shi ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi. Na sake gwadawa ya fito lafiya. Na sake, ɗigon ya koma wani wuri. Sati uku ina haka.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara tunzura mai zafin rai kamar ni. Ya saurare ni har na gama zagin manhajar, sannan ya miƙo mini wani tarin takardu da aka ɗinke da zare, bayanin katin ne daga masu ƙera shi, ya ce in karanta kafin in sake kiran kowa matsoraci. Na karɓa na gode, na kai gida na ɗora a kan durowa. Ban buɗe ba. A ganina na riga na san abin da ke ciki.

A cikin wannan hali damina ta kawo kai. Wata Asabar Baba ya ɗau jakarsa ya ce zai je Khaddamari ya ga an yi shuka, kwana uku ya dawo. Iya ba ta so ba, ta kuma faɗa, amma shinkafa ba ta san da dokar hana fita ba, shi ma ba ya jin magana in ta shafi gona. Ya bar wayarsa a kan taga, tunda ba ta da amfani sai haska hanya.

Wanda bai zauna a garin nan a lokacin ba zai yi wuya ya gane abin da rashin waya ya yi mana. Mun shekara goma magana na isa kunne a daidai lokacin da ta bar baki. Rana ɗaya aka mayar da mu ga ɗan guntun takarda da "don Allah in ka isa ka ba wane". Mun koma aike irin na kakanninmu, amma ba mu koma da wayonsu ba.

Talata ta wuce Baba bai dawo ba, aka ce an rufe hanyar. Ranar Laraba da hantsi wata mata ta yi sallama, ƙafafunta duk taɓo. Daga Khaddamari take, ta biyo gonaki a ƙasa tare da wasu mata za ta wurin 'yarta a unguwarmu. Ta kwance bakin zanenta ta ciro takarda. Rubutun Baba ne, da ajami, wanda Iya ta fi ni iya karantawa nesa ba kusa ba. Ya ce hanya ba daɗi, zai zauna wurin mai kula masa da gona har ta lafa, kada mu damu, kuma a rufe buhunan da ke zaure kada ruwa ya taɓa su. Iya ta yi hamdala, ta zuba wa matar ruwa ta wanke ƙafa, ta cika ta da abinci. Hankalinmu ya kwanta.

Ranar Juma'a bayan la'asar wani mai keke-napep ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo wata takardar. Ya ce wani dattijo mai rumfa kusa da ta Baba ne ya ce ya kawo, bai ma kashe keken ba ya wuce don lokacin hana fita ya matso. Ita ma rubutun Baba ce. An gama shuka, gobe da safe in Allah ya yarda zan taho.

Asabar tun da sassafe Iya ta ɗora tukunya. Ta yi burabusko da miyar kuka wadda ta ji busasshen kifi, abin da Baba ke cewa shi ya hana shi komawa Kano. Wajen ƙarfe tara muka ji ƙara daga can gabas, ba kusa ba, amma ta isa ta sa kajin Iya suka watse. Zuwa azahar magana ta fara yawo a unguwa cewa an tare motoci a hanyar. Wani ya ce biyu, wani ya ce ba mota ba ce. Babu wanda ya gani da idonsa, kowa daga wani ya ji. Abinci ya huce a cikin kwano. Baba bai zo ba.

Lahadi na shiga keke na nufi hanyar, aka mayar da ni daga shingen jami'an tsaro na farko. Litinin na je asibitoci biyu ina tambaya, ina kwatanta tsayinsa da furfurar gemunsa da tabon da ke hannunsa na hagu. Wata ma'aikaciya ta duba mini da kyau, ta ce ba a kawo mai irin wannan kamar ba, ta kuma ce in yi haƙuri, ba kowa ake kawowa ba. Ba ta yi nufin ta soke ni ba, amma a bakin ƙofar asibitin na tsuguna na yi kukan da ban yi a gida ba. Ba ni da hanyar sanar da Yaya. Ina jin tsoro, ina kuma jin haushin Baba har cikin ƙashina, shi da shinkafarsa.

Iya ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daina magana ne kawai, ta daina cin abin kirki. Ni kuwa, da yake abin da na iya ke nan, sai na shiga tsara mata rana yadda ba za ta samu sararin zama ba. Na fito da waken da ba ya buƙatar tsinta na ce ta tsince. Na ce labulen ɗakina ya yage, alhali ni na ƙara yaga shi. Na kwance kitsona na ce ta sake mini. Duk ta yi, ba musu. Amma aikin da bai shafi Baba ba a gidan nan kaɗan ne, ranar Talata da yamma ya ƙare. Na leƙa zaure na same ta zaune a kan buhunan da ya ce a rufe, tana kallon ƙofa.

Laraba da safe aka kawo wuta. Ba don ina son karatu ba na kunna laftof, don kada in haukace ne. Hoton ya sake fitowa da ɗigonsa. Haushi ya ɗebe ni na jawo tarin takardun Malam daga kan durowa, ina buɗewa kamar zan yaga su, na nemo babin ƙirga. A can tsakiyar shafi, cikin layi biyu da ba su ma cika ba, ga amsar sati uku. Aiken da ke bin babbar hanya a jere amsoshinsa ke dawowa, na farko kafin na biyu. Amma wancan irin, na lambobin tarayya, amsoshinsa na iya dawowa yadda suka ga dama, na biyu ya riga na farko. Saboda haka in an aika biyu ƙirga ta sauka ɗaya, ba wanda ya san wanne ne ya iso. Ni kuwa na sa katin ya ɗauka na farko ne, yana ta ɗibar abin da ke cikin gurbin da ba a riga an cika ba. Kamfailar da na yi ta zagi ta san ba a dogara da jerin isowa sai in hanya ɗaya aka biyo, kuma hanyar ta yi alkawarin jeri.

Na karanta sau biyu. A na ukun na miƙe tsaye, kuma ba don hoton ba.

Takardun Baba suna cikin wani faranti a ɗakin Iya. Na ɗauko su na juya gaba da baya. Babu rana a jikin ko ɗaya, ba Litinin ba Talata, sai "gobe". Ɗaya mace ta kawo ta a ƙafa ta gonaki. Ɗaya ta biyo ɗan kasuwa, ta biyo mai keke. Mu kuwa mun jera su yadda suka shigo gidanmu, kuma cikin kwana biyar ba wadda ta yi tunanin tambayar yaushe aka rubuta su.

Ban gaya wa Iya ba, don ina tsoron in ɗaga mata rai a banza. Na ce zan je makaranta. Na yafa mayafi na tari keke zuwa Kasuwar Litinin.

Dattijon na san shi tun ina yarinya, shi ke ba ni dabino in na je rumfa. Na same shi yana auna wa wata mata gero. Ya ɗago ya gan ni ya ce, "Wushe, sannu, 'yata. Ya mutanen gida? Babanki ya samu hanya kuwa?"

Ko gaisuwar ban amsa da kyau ba. Na ce, "Baba, takardar nan da ka aiko ranar Juma'a, yaushe babana ya ba ka ita?"

Ya ajiye mudun ya ƙirga da yatsu. "Litinin. Ba wannan da ta wuce ba, waccan. Da yamma, ina shirin tasowa daga Khaddamari."

"Litinin? Ka kawo ta Juma'a?"

Ya ce motar da ya ɗora kayansa ta lalace a wani ƙauye, washegari aka rufe hanya, shi kuma bai yarda ya bar buhunansa ba. Sai ranar Alhamis aka bar su suka shigo, daf da hana fita. Takardar a naɗe take cikin aljihunsa, bai buɗe ba, ba ya karanta wasiƙar mutane.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga murya a kan sa'an ubana a tsakiyar kasuwa. Na ce da ya faɗa wa mai keken kalma ɗaya, ɗaya tak, da uwata ba ta kwana biyar ba ci ba sha ba. Mai sayen gero ta ja baya. Shi kuwa ya saurare ni har na gama. Da ya fahimci abin da muka ɗauka, sai idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Ashe haka na yi muku. Ki yafe ni, 'yata. Ban san gobe ce a ciki ba." Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, in tashi in tafi wurin uwata.

A cikin keke na yi ta jera abin a kaina don kada in yaudari kaina. Litinin Baba ya rubuta zai taho gobe. Talata aka rufe hanya, ya fasa, ya rubuta zai zauna. Ta biyun ta riga ta farkon isowa. Wannan bai tabbatar mini yana raye ba. Abin da ya tabbatar shi ne bai taɓa cewa zai hau hanya ranar Asabar ba, kuma maganarsa ta ƙarshe gare mu ita ce yana zaune, kada mu damu. A ranar wannan ya ishe ni.

Na samu Iya a ɗakinta a kan tabarma. Na zauna na ajiye takardun a gabanta yadda suka zo, na ba ta labarin dattijon. Da na gama ta sa yatsa ta ja ta Juma'ar ta mayar da ita gaba, ta Larabar ta koma baya, ta karanta su a sabon jerin, leɓɓanta na motsi. Ta sake karantawa. Sannan ta kifa tafin hannunta a kansu ta daɗe a haka.

Sai a lokacin na lura da ɗakin. Iya ba ta taɓa wayar gari ba ta sa turaren wuta ba, ko da zazzaɓi take. Kaskon yana can a kusurwa, ba ko toka mai ɗumi. Babu kwalli a idonta, babu 'yan kunne.

Ta ce, ba ta dube ni ba, "Tun Asabar na fara ƙirga."

"Ƙirga me, Iya?"

"Wata huɗu da kwana goma. Yau biyar." Ta goge fuska da gefen mayafinta. "Na san ba a farawa sai an tabbatar. Ba ni na sa ba, zuciyata ce ta fara, na kasa tsayar da shi." Ta kama hannuna da ƙarfi. "Kar ka faɗa wa babanka."

Na ce ba zan faɗa ba. Na sa kaina a cinyarta muka yi kukanmu tare, karo na farko. Daga baya ta ture ni ta ce in tashi in ɗebo mata garwashi.

Baba ya dawo bayan kwana tara, ya rame, ya yi baƙi, yana mitar wai an bar ruwa ya taɓa buhu ɗaya a zaure. Mun ba shi labarin takardun, ya yi salati, ya yi dariya, ya ce laifin masu ajami ne da ba sa sa rana. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ni na mayar wa kamfaila sifirinta, ɗigon ya ɓace, na rubuta babi guda a kan inda ya halatta a rage jira da inda bai halatta ba. Malam ya karanta bai ce mini ai na gaya miki ba, na kuwa gode masa.

Bayan shekara shida Baba ya rasu a kan gadonsa, da rana tsaka, muna kewaye da shi. Ranar uku, da mata suka ragu, Iya ta kira ni ɗaki ta sa na tura ƙofa. Ta tambaye ni a hankali ko kwana biyar ɗin nan na wancan karon suna cikin lissafi.

Na ce, "A'a, Iya. Daga farko za ki fara."

Ta gyaɗa kai. "To madalla. Ba na son in rage masa ko ɗaya."